Haruffa masu kaurin ƙafa: Asalinsu, siffarsu da aikinsu a allunan Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Haruffa masu kaurin ƙafa wani jinsi ne na haruffan boko da ake bugawa a maɗaba'a ko a zana da fenti, wanda Turawa ke kira slab serif. Abin da ya bambanta su da sauran haruffa shi ne 'yan gajerun layukan nan da ke kwance a ƙarshen kowace sanda ta harafi, waɗanda a wannan maƙala za mu kira ƙafafu. A haruffan da aka saba buga littattafai da su, ƙafar siririya ce, mai tsini a baki. A wannan jinsi kuwa, ƙafar lafceciya ce mai kusurwa huɗu, kaurinta ya kai na sandar harafin ko ya yi kusa da shi. Idan aka ƙara wa harafin gwaɓi, sai kalma ta fito a tsaye daram kamar an jera bulo.

An ƙirƙiri waɗannan haruffa ne fiye da shekara 200 da suka wuce domin talla da sanarwa, kuma har yau wannan ne babban aikinsu. Mazaunin Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu yana cin karo da su ko bai san sunansu ba: suna jikin babur da mota ƙirar Honda, suna goshin rediyo da talabijin ƙirar Sony, suna cikin tsofaffin takardun ofis da aka buga da tafireta. Sanin halinsu yana da amfani ga mai shago da zai biya kuɗin allo, da shugaban makaranta da zai buga sanarwa, da kuma duk wanda ya damu da yadda ake rubuta Hausa a bainar jama'a.

Yadda ake gane su

Masu zana haruffa sukan raba haruffan boko gida uku. Akwai masu siririyar ƙafa, irin su Times New Roman. Akwai marasa ƙafa ko kaɗan, irin su Arial. Sai kuma masu kaurin ƙafa, irin su Rockwell da Clarendon, waɗanda suka ɗauki ƙafa daga gida na farko, suka ɗauki daidaiton kaurin layi daga gida na biyu.

Alama ta farko da mai dubawa zai lura da ita ita ce ƙafar kanta. A babban baƙin H, ƙafafu huɗu ne, biyu a sama biyu a ƙasa, kowacce kamar guntun katako da aka gicciya. Alama ta biyu ita ce ƙarancin bambanci tsakanin layi mai kauri da siriri. A Times New Roman, zagayen O yana da kauri a gefe da gefe, ya sirance a sama da ƙasa. A Rockwell, zagayen kusan kauri ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe. Alama ta uku ita ce nauyin da rubutun ke yi a kan takarda: tawada ta mamaye fili mai yawa, farin da ke cikin haruffa irin su a da e ya ragu, layin rubutu ya zama kamar ɗamara baƙa.

Daga waɗannan siffofi ne halin jinsin ya samo asali. Da yake babu siririn layin da zai ɓace, harafin yana jure nisa, yana jure takarda mai shan tawada, yana jure bango mai kaushi. Da yake ƙafafun suna kwance a kan layi guda, suna ɗaure haruffan kalma wuri ɗaya, ido ya ɗauke ta a dunƙule. Sai dai kowace ƙafa tana cin fili, don haka kalma a wannan jinsi ta fi faɗi a kan irinta a haruffa marasa ƙafa.

Asalinsu

Kafin ƙarni na 19, kusan duk haruffan da ake zubawa a Turai na buga littafi ne. Harafin ɗab'i a wancan zamani ɗan guntun ƙarfe ne da ake zubawa daga dalma da aka gauraya da kuza da antimoni, a jera shi da hannu ɗaya bayan ɗaya. Da masana'antu suka bunƙasa a Ingila, birane suka cika, 'yan kasuwa suka shiga gasar manna takardun talla a bango, sai aka ga cewa harafin littafi, ko an ƙara masa girma, ba ya jan ido daga tsallaken titi.

Masu zuba haruffa na birnin Landan suka shiga neman mafita. Robert Thorne ya shahara da kaurara sandunan harafin littafi har suka yi ƙiba, amma ya bar ƙafafun sirara. Wajen shekarar 1815 kuma Vincent Figgins ya fitar da samfurin da ya kaurara har da ƙafafun, ya sa masa suna Antique. Wannan shi ake ɗauka a matsayin harafin ɗab'i mai kaurin ƙafa na farko da aka sa a kasuwa.

Ba a daɗe ba wani suna ya bi jinsin, wato Egyptian, ma'ana na Masar. Babu wata alaƙa tsakaninsa da rubutun Fir'aunoni. Abin da ya faru shi ne, bayan yaƙin da Napoleon na Faransa ya kai Masar daga 1798 zuwa 1801, Turai ta kamu da sha'awar duk wani abu da aka jingina wa Masar, 'yan kasuwa kuwa suka ga sunan zai sayar da hajarsu. Al'adar ta ɗore har ƙarni na 20, inda aka sa wa wasu haruffan sunayen wuraren Masar kamar Memphis da Karnak.

A Amurka, wani mai suna Darius Wells na birnin New York ya samar da hanyar sassaƙa manyan haruffa daga katako da inji a ƙarshen shekarun 1820. Harafin katako ya fi na ƙarfe sauƙin nauyi da araha, ƙafa mai kusurwa huɗu kuma ta fi siririya sauƙin sassaƙa da jure bugu. Ta haka jinsin ya mamaye takardun gwanjo, da na wasanni, da na cigiyar masu laifi da ake gani a finafinan kaboyi.

Rassan jinsin

Reshe na farko shi ne na Clarendon, wanda kamfanin Robert Besley na Landan ya fitar a 1845. A nan ƙafar ba ta haɗu da sanda a kusurwa tsaye ba, an ɗan lanƙwasa mahaɗar kamar yadda magini kan shafe kusurwar bango da ƙasa. Wannan ya sa harafin ya yi taushi a ido, har ana iya sa shi cikin shafin littafi. Besley ya yi masa rajista a ƙarƙashin dokar kare zane ta 1842, kuma ana ɗaukar sa a matsayin salon haruffa na farko da ya samu irin wannan kariya. Kariyar ta shekara uku ce kacal, tana ƙarewa sauran kamfanoni suka kwaikwaye shi. Babban aikin da aka sa Clarendon shi ne fito da muhimmiyar kalma a cikin rubutu, kamar kalmar da ake fassarawa a ƙamus ko sunan tasha a jadawalin jirgin ƙasa. Al'adar yi wa kalma gwaɓi domin a lura da ita, wadda yau kowa ke yi da danna maɓalli ɗaya, daga nan ta yi ƙarfi.

Reshe na biyu shi ne wanda aka gina a kan da'ira da miƙaƙƙen layi, ƙafarsa kuma a tsaye take ba lanƙwasa. Rudolf Wolf ya zana Memphis a Jamus a 1929, Morris Fuller Benton ya zana Stymie a Amurka a 1931, kamfanin Monotype kuma ya fitar da Rockwell a 1934. Tambarin kamfanin IBM da Paul Rand ya zana a 1956 daga wannan reshe ya fito. Rockwell yana cikin haruffan da ke zuwa tare da manhajar Microsoft Office.

Reshe na uku shi ne wanda aka juya wa kauri, ƙafafun suka fi sandunan kauri, harafin kuma ya matse ya yi tsawo. Playbill, wanda Robert Harling ya zana a 1938, misalinsa ne. Yana ɗaukar doguwar kalma a ƙaramin fili, amma yana da wuyar karantawa idan kalmomin sun yi yawa.

Reshe na huɗu shi ne na tafireta. Injin tafireta yana matsawa da tazara ɗaya bayan kowane bugu, galibi haruffa 10 ko 12 a kowane inci, don haka dole siririn harafi kamar i ya cika fili daidai da faffaɗan harafi kamar m. Dogayen ƙafafu masu kauri su ne suka cike wannan giɓi. Mafi shahara a reshen shi ne Courier, wanda Howard Kettler ya zana wa IBM a tsakiyar shekarun 1950. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta daɗe tana rubuta takardunta da shi kafin ta sauya a 2004, masu rubuta labarin fim kuwa har yau da shi suke aiki.

Jaridu ma sun ci moriyar jinsin. A tsakiyar shekarun 1920 kamfanin Linotype ya fitar da Ionic No. 5, dangin Clarendon, domin ƙananan haruffa su fito sarai a kan takardar jarida mai araha da injin mai gudu ke bugawa. A 2005, lokacin da jaridar The Guardian ta Birtaniya ta sake fasali, Paul Barnes da Christian Schwartz sun zana mata Guardian Egyptian. A zamanin waya kuma, kamfanin Google ya fitar da Roboto Slab a 2013.

Shigowarsu ƙasar Hausa

Idon Bahaushe ya saba da rubutu mai kauri tun kafin zuwan boko. Rubutun allo da na Alƙur'anin hannu da aka gada a Kano da Katsina da Sakkwato da Zamfara ana yin sa ne da alƙalamin kara mai faɗin baki da tawada baƙa wuluk, baƙaƙen su fito da gwaɓi, a zaune a kan layi. Masu zana haruffan kwamfuta sun lura da haka, har cibiyar SIL ta fitar da wani salon haruffan ajami mai suna Alkalami wanda ya kwaikwayi rubutun Kano. Saboda haka harafin boko mai kauri bai zo wa mai karatu a matsayin baƙon abu ba.

Ɗab'in Hausa da boko ya kafu sosai ne a Zariya. A can aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, a can kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, an yi ta buga ƙananan littattafai da jaridun larduna domin manyan da suka koyi karatu, ciki har da Zaruma ta Lardin Sakkwato, lardin da Gusau da Tsafe da Bunguɗu ke cikinsa a wancan lokaci. Injina da haruffan ƙarfen da maɗaba'un Nijeriya suka yi aiki da su a wancan zamani daga Turai ake shigo da su, musamman Ingila, mahaifar jinsin da muke magana a kai.

Hanyar da ta fi kusanto da ƙafa mai kauri ga talaka ita ce tafireta. Gusau gari ne na ciniki tun da layin dogo daga Zariya ya ratsa ta zuwa Ƙaura Namoda a ƙarshen shekarun 1920, kamfanonin sayen gyaɗa da auduga suka kafa rumfuna, ofisoshin En'e da na gwamnati suka yawaita. Takardar ɗaukar aiki, da takardar shaidar fili, da takardar rantsuwa ta kotu, da tambayoyin jarrabawa da ake gurzawa a makarantu, duk da tafireta ake buga su shekara da shekaru. Wannan ya sa harafin tafireta ya zama fuskar hukuma a idon jama'a. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 1 ga Oktoban 1996, Gusau ta zama babban birni, sai buƙatar alluna da takardu masu tambari ta ƙaru, daidai lokacin da kwamfuta ke karɓe aiki daga hannun tafireta.

A kan allo da bango

Garuruwan nan uku suna kan hanya guda ce, wadda ta taso daga Funtuwa ta bi ta Tsafe ta shiga Gusau, ta fita ta Bunguɗu zuwa Maru da Talatar Mafara har Sakkwato. Mafi yawan allunan da ke bakin wannan hanya, na gidan mai ne ko na makaranta ko na asibiti ko na mai sayar da taki, ana so ne a karanta su daga cikin mota ko daga kan babur. A nan lissafi yake shigowa. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kimanin mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan allo bai karantu ba sai an zo mita 60 da shi, direba bai kai daƙiƙa uku yana kallonsa ba. Masu sana'ar allo suna da wani ma'auni da suke bi, cewa kowane santimita biyu da rabi na tsayin harafi yana ba da kimanin mita uku na karatu cikin sauƙi. A bisa wannan, allon da ake son karantawa daga mita 60 yana buƙatar haruffa masu tsayin kusan rabin mita, kalmominsa kuma kada su wuce uku ko huɗu.

A irin wannan aiki harafi mai kaurin ƙafa yana da fa'ida uku. Ta farko, yana jure yanayi: zafin rana yana kashe launin fenti da na bana, ƙurar hunturu tana lulluɓe allo, kuma siririn layi ne ke fara ɓacewa. Ta biyu, yana raba haruffan da kan rikita ido. A haruffa marasa ƙafa, babban baƙin I da ƙaramin l da lamba 1 sukan yi kama da juna, har sunan Iliya ya zama sanduna a jere. Ƙafa tana warware wannan. Ta uku, mai zane da buroshi yana iya fitar da ƙafa mai kusurwa huɗu da shafa ɗaya, ya kuma yi amfani da ita wajen daidaita bakin sandar da hannu ya ɗan karkatar.

Yana da kyau a san cewa allunan hanya na hukuma a mafi yawan ƙasashe ba da wannan jinsi ake rubuta su ba. A Birtaniya, alal misali, salon Transport da Jock Kinneir da Margaret Calvert suka zana tsakanin ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960 ba shi da ƙafa. Da dare kuwa, idan fitilar mota ta haska allo mai ƙyalli, farin harafi yakan yi kamar ya kumbura, ƙafafu masu kauri su haɗe da juna. Wannan darasi ne ga mai shagon da zai sa allo mai fitila a ciki: ya rage gwaɓin harafin, ya ƙara tazara tsakanin haruffa.

A yau mafi yawan alluna da fastocin siyasa da katunan ɗaurin aure ana tsara su ne a kwamfuta, galibi da manhajar CorelDRAW, a buga a kan bana ko takarda. Sauƙin da kwamfuta ta kawo ya zo da wata illa, wato miƙe harafi ko matse shi da linzami domin ya cika fili. Harafi mai kaurin ƙafa ya fi kowane jin jiki a wannan, saboda kyansa yana cikin daidaiton sanda da ƙafa. In aka ja shi a tsaye, ƙafafun su kumbura su bar sandunan a rame. In aka ja shi a kwance, sandunan su yi ƙiba ƙafafun su zama zare. Mafita ita ce a zaɓi samfurin da tun asali aka zana shi a matse, kamar Rockwell Condensed.

Matsalar baƙaƙe masu ƙugiya

Babban abin da ya shafi mai rubuta Hausa shi ne baƙaƙen ɓ da ɗ da ƙ, tare da manyansu Ɓ da Ɗ da Ƙ. A Jamhuriyar Nijar akwai na huɗu, ƴ, wanda a Nijeriya ake rubutawa 'y. An karɓi baƙaƙe masu ƙugiya cikin ƙa'idar rubutun Hausa a shekarun 1930. Kafin nan marubuta kan ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi ko su sa masa alama a gefe. Ƙugiyar ce ke raba baki da baƙi, kafa da ƙafa, fada da faɗa, kasa da ƙasa, bari da ɓari. Sanarwar da ta ce za a taru a fada ba ɗaya take da wadda ta ambaci faɗa ba. Sunan Bunguɗu kansa yana da ƙugiya, haka Ƙaura Namoda da Ɗansadau, amma sau da yawa a kan allo sai a gan su babu ita, kamar yadda Turawa suka daɗe suna rubuta Tsafe da Chafe.

Mafi yawan tsofaffin haruffa masu kaurin ƙafa an zana su ne domin harsunan Turai, babu waɗannan baƙaƙe a cikinsu. Idan aka buga kalmar Hausa da su, ɗaya daga abu uku ke faruwa: ko manhaja ta nuna akwati a gurbin harafin, ko ta aro shi daga wani salo dabam sai a ga ramammen ƙ a tsakiyar kalma mai gwaɓi, ko kuma mai tsara aikin ya gaji ya cire ƙugiyar gaba ɗaya. Na ukun ne ya fi yawa, kuma shi ya fi ɓarna, domin yaron da ke koyon karatu yana ɗaukar abin da ya gani a allon makarantarsu a matsayin daidai.

Ko a salon da ke da baƙaƙen, jinsin yana da tarko na musamman. Manyan baƙaƙen B da D a wannan jinsi sun riga sun mallaki ƙafa mai kauri da ta fito ta hagu a sama, daidai wurin da ƙugiyar Ɓ da Ɗ ke zama. Idan mai zane bai lanƙwaso ƙugiyar ƙasa sosai ba, daga nesa ba za a bambanta Ɗ da D ba. A ƙaramin ɓ, ƙugiyar tana rusunawa ta dama a kan cikin harafin, gwaɓi kuma yana cinye ɗan farin da ke tsakaninsu, tawada ta toshe shi. A ƙaramin ɗ, ƙugiyar tana fita waje ta dama, inda takan yi karo da ɗigon i a kalmomi irin su kuɗi da faɗi. Waɗannan wurare uku su ne ma'aunin gane ko an zana salo da Hausa a zuciya ko kuwa an liƙa masa ƙugiya ne daga baya.

An daɗe ana neman magani. A shekarun 1980 an samar da haruffan bai-ɗaya na harsunan Nijeriya, aikin da shahararren mai zana haruffa na Jamus, Hermann Zapf, ya sa hannu a ciki. Daga baya tsarin Unicode ya ba kowane baƙi mai ƙugiya lambarsa, ta yadda waya da kwamfuta za su gane shi a ko'ina. Akwai kuma salon da ake samu kyauta waɗanda ke ɗauke da baƙaƙen Hausa cikakku, kamar Charis na cibiyar SIL, wanda ƙafafunsa ke da ƙarfi kuma yana da samfuri mai gwaɓi, da dangin Noto na Google. Yawancin irin waɗannan suna ƙarƙashin lasisin da ya yarda a gyara su a sake rabawa, abin da ke nufin ɗalibin zane ko na kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, ko a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke garin, yana da damar ɗaukar salo mai kaurin ƙafa ya zana masa ƙugiyoyin da suka dace.

Inda suka dace da inda ba su dace ba

Harafi mai kaurin ƙafa da gwaɓi ya dace da kanun labarai, da sunan shago ko makaranta, da bangon littafi, da lambar rigar 'yan ƙwallo, da rubutun jikin buhu da kwali, da gargaɗi mai kalma ɗaya ko biyu. Yana ba da alamar ƙarfi da dattako, shi ya sa bankuna da kamfanonin injina suka daɗe suna son sa.

Bai dace da dogon rubutu ba. Sakin layi guda da aka yi wa gwaɓi gaba ɗaya yana gajiyar da ido, kuma idan kowace kalma ta yi kauri babu wadda za ta fito. Bai dace da ƙananan rubutu kamar ƙa'idar shan magani ko sharuɗɗan da ke ƙasan rasit ba, domin cikin a da e da s yakan toshe, lamba 3 da 8 ko 6 da 8 su rikice, kuskure a nan kuwa yana iya taɓa lafiya ko dukiya. Haka kuma ba a haɗa salo biyu masu kaurin ƙafa a allo ɗaya. Abin da aka fi yi shi ne a ba shi kan magana, a rubuta bayanin da ke ƙasa, kamar adireshi da lambar waya, da harafi marar ƙafa mai matsakaicin kauri.

Wanda zai ba da aikin allo ko fasta da Hausa yana iya kare kuɗinsa da gwaji mai sauƙi kafin a buga. Ya sa a rubuta masa Bunguɗu, Ƙaura, Ɗansadau, ɓawo da kuɗi da salon da aka zaɓa, da manyan baƙaƙe da ƙanana, a fitar a takarda, a manna a bango, ya ja da baya ya duba. Idan ƙugiyoyin sun fito da kauri ɗaya da sauran haruffa, kuma ana bambanta Ɗ da D daga inda mai wucewa zai tsaya, salon ya yi. Idan ba su fito ba, sauya salo a kan kwamfuta aikin minti ɗaya ne, allon da aka riga aka kafa kuwa yakan yi shekaru a bakin hanya da kuskurensa.